Tambayoyinku: Cin Kalzone a Shagon Fiza na Bakin Teku

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abinci guda, wato kalzone, fizar nan da ake ninkewa biyu, a liƙe bakinta, a gasa da kayan haɗin a kulle a ciki. Masu tambayar sun gamu da ita ne a ƙananan shagunan fiza na garuruwan bakin teku, irin waɗanda ake shiga da silifas, ƙafa duk yashi, a yi oda a kan kanta. Mun taƙaita wasiƙun, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. A takardar abincin shagon da muka shiga na ga kalzone, na ga stromboli, na ga panzerotti, hotunan kuma kusan iri ɗaya. Suna ne kawai ya bambanta ko kuwa abinci uku ne? — Wani ɗalibi

Amsa: Wa alaikumus salam. Abinci uku ne, Malam, ko da yake kwaɓinsu ɗaya.

Kalzone 'yar birnin Napoli ce, a kudancin Italiya. Ana buɗe curin kwaɓi mai nauyin gram 250 ko kusa da haka, ya yi faɗin santimita 28 zuwa 30, a zuba kayan haɗi a rabi, a jawo ɗaya rabin a rufe, a gasa a tanderu. Abin da ke cikinta a al'adar Napoli shi ne cukun rikota, cukun mozarela ko provola, yankakken nama mai gishiri, da masoro. A takardun abinci na can za ka iya ganin an rubuta ripieno, ita ce dai.

Panzerotti na yankin Puliya ne, musamman birnin Bari. Ƙanana ne, kamar cikin tafin hannu ko su ɗan fi, tumatir da mozarela ne a ciki, kuma soya su ake yi a mai. Napoli ma tana da tata soyayyar, pizza fritta, wadda ta yaɗu a unguwannin talakawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kaskon mai ya fi tanderu da itace sauƙin samu.

Stromboli kuwa ba a Italiya aka haife shi ba. 'Yan asalin Italiya mazauna Amurka ne suka ƙirƙiro shi a yankin Filadelfiya a shekarun 1950. Naɗe shi ake yi kamar tabarma, a gasa, a yanka gunduwa-gunduwa, kuma yawanci ba a sa masa rikota.

Bambancin da zai shafe ka a faranti shi ne wannan: kalzone tana da babban ciki guda ɗaya a rufe, inda tururi ke taruwa. Daɗinta daga nan yake fitowa, matsalolinta ma daga nan.

Tambaya: Ni da maigidana za mu je hutu wani gari na bakin teku a Italiya. Tsorona naman alade. Fiza ina ganin abin da ke kanta, amma wannan a rufe take. Yaya zan yi in tabbatar? — Wata uwargida

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, domin kalzonen gargajiya da alade ake yin ta. Idan takarda ta ce "calzone" kawai, ko "classico", ki ɗauka akwai alade a ciki har sai an nuna miki akasin haka.

Ga sunayen da za ki gani, kuma duka alade ne: prosciutto (cotto ko crudo), salame, salsiccia, pancetta, guanciale, speck, mortadella, 'nduja, da cicoli ko ciccioli, wato gutsattsarin da ke saura bayan an narkar da kitsen alade, waɗanda mutanen Napoli ke matuƙar so a cikin soyayyar fiza. Würstel ma yawanci alade ne. A Amurka sunayen su ne ham, bacon, sausage da pepperoni. Wannan na ƙarshe yana yaudarar mutane da yawa: a Italiya peperoni, mai "p" ɗaya a tsakiya, tattasai ne, a Amurka kuwa pepperoni nama ne da ake haɗawa da alade da sa. Curin naman da suke kira meatball shi ma sau da yawa gaurayen alade da sa ne. Bresaola naman sa ne busasshe, sai dai akwai sauran batun yadda aka yanka san.

Akwai wuri na biyu da ba a cika lura da shi ba, wato kwaɓin kansa. Kwaɓin fizar Napoli na asali abu huɗu ne kacal: fulawa, ruwa, gishiri da yis. Amma wasu shaguna, musamman masu sayar da kalzone ƙanana da panzerotti a bayan gilashi, suna sa kitsen alade don kwaɓin ya yi laushi. Sunansa strutto, a Napoli kuma ana cewa sugna. Tambayoyi biyu za ki riƙe: "Senza maiale?", ma'ana babu alade, da "C'è strutto nell'impasto?", ma'ana ko akwai kitsen alade a kwaɓin. Ki rubuta su a waya ki nuna idan furucin zai yi wuya.

Soyayya ta fi gasasshiya wuyar sha'ani. Ko da man gyaɗa ko na sunfulawa ake suyar, a mai ɗaya ake jefa masu alade da marasa shi, kuma wasu kan fashe a ciki. Gasasshiya kuwa ƙasan tanderu da cebur ɗin ɗauka kawai take tarayya da sauran. Cuku ma yana da tasa maganar: Parmigiano Reggiano da sinadarin tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da shi, Pecorino Romano da na ɗan rago. Malamai sun yi bayani a kan hukuncin wannan, sai ki tambayi wanda kika amince da iliminsa kafin tafiya.

Abin da za ki iya oda hankali kwance: rikota da alayyafo, ko tonno e cipolla (kifin tuna da albasa), ko wadda mutanen Napoli ke yi da ganyen scarola (wani ganye mai kama da latas, mai ɗan ɗaci), 'ya'yan zaitun da ƙananan kifin gishiri, wadda a ganinmu tana cikin mafi daɗin kalzone gaba ɗaya. Ki nemi a yi miki sabuwa, ki faɗi abin da kike so kafin a rufe ta. Wadda ke jere a bayan gilashi, wani lokaci ko mai sayarwar ba ya iya bambance ta da maƙwabciyarta. Da ta iso, ki yanka ta a tsakiya ki duba kafin lomar farko, domin a lokacin cunkoso oda takan sauya faranti.

Tambaya: An kawo mini kalzone, bayanta ya yi ja har da ɗan ƙuna, amma da na yanka sai ruwa ya malalo a faranti, kwaɓin ciki kuma ɗanye yana danƙo. Haka ake cin ta ko an cuce ni? — Wani magidanci

Amsa: Ba haka ake cin ta ba, Alhaji. Ba ta gasu ba.

Fizar da ke buɗe, ruwan tumatir da na cuku yana tashi ya tafi a cikin tanderu. A kalzone ba shi da hanyar fita. Muddin akwai ruwa a wuri, zafin wurin ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Selsiyos, alhali bayan kwaɓi yana soma yin ja ne daga wajen digiri 140 zuwa sama. Saboda haka baya yana gasuwa, ciki kuwa turara yake yi a hankali. Tanderun itace irin na Napoli yana kaiwa digiri 430 zuwa 485, yana gasa fiza cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Idan aka yi wa kalzone irin wannan gashin, sakamakon shi ne abin da aka kawo maka. Gwani yakan ajiye ta kusa da bakin tanderu, inda zafi ya fi sauƙi, ya ba ta ƙarin lokaci yana juya ta. A shagunan Amurka, inda tanderun gas ko na lantarki ke tsayawa tsakanin digiri 260 da 300, takan ɗauki minti 10 zuwa 15. A garin bakin teku, lokacin da layi ya kai waje, wannan ƙarin lokacin shi ne abu na farko da ake yankewa.

Ruwan da ya malalo kuma daga kayan haɗi yake. Ɗanyar mozarela fiye da rabinta ruwa ne, dole a yanka ta a bar ta a rariya ta tsane na wasu sa'o'i. Rikota ma sai an tace ta. Alayyafo da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsu ruwa ne, idan aka zuba su ɗanyu sai su saki ruwan duka a ciki. Sai kuma yawan kaya. Shagon da ke son burge baƙi yakan cika ta fam, kayan kuma daga firji suka fito da sanyinsu, wajen digiri 4, kafin zafi ya ratsa tsakiya baya ya ƙone. Shi ya sa ba ma ganin ƙatuwar kalzone a matsayin alamar kirki.

Amma a yi wa mai gashi adalci. Siririn kwaɓin da ke manne da cuku yakan yi laushi da ɗan danshi, wannan ba laifi ba ne. Ɗanyen kwaɓi daban yake: a cure yake, babu ƙananan ramukan iska a jikinsa, launinsa toka-toka, yana manne wa haƙori, kana jin garin fulawa a baki. Wurin da ya fi ɓuya shi ne kusurwoyi biyu da kuma bakin da aka liƙe, inda kwaɓi ya ninku.

Idan ka ga haka, ka mayar. Tunda an riga an yanka ta, tururi ya samu hanya, minti 2 zuwa 3 a gefen tanderu sun isa su gyara ta. Nan gaba, a Italiya ka ce "ben cotto" lokacin oda, wato a gasa sosai, a ko'ina kuma ka nuna ba ka gaggawa.

Tambaya: Ɗana ya gartsa ya ƙone a baki har ya kasa cin abincin dare. Akwai yadda ake cin ta? Sannan mene ne amfanin ɗan kwanon miyar tumatir da aka ajiye a gefe? — Wata mahaifiya

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya, Malama. Ɓawon kalzone yana hucewa cikin minti ɗaya ko biyu, hannu ya taɓa ya ji lafiya lau, amma narkakken cuku yana riƙe zafi kuma yana manne wa dasashi da ganɗa. Ki yanka ta biyu da zarar ta iso, ki ɗan ware rabin daga rabin, ki jira minti 4 zuwa 5. Idan ta kumbura kamar za ta fashe, ki fara huda saman da cokali mai yatsu, fuska a gefe. Ga yara, ki yanka ƙanana, su fara daga kusurwa inda cuku bai da yawa. Wanda ya riga ya ƙone, ya kurkure baki da ruwan sanyi, ya guji abu mai yaji, mai tsami ko mai zafi na kwana biyu. Idan ƙunar ta yi bororo babba ko ta hana shan ruwa, a ga likita.

Miyar gefe al'adar Amurka ce. Ba sa zuba ta a ciki saboda kada ta jiƙa kwaɓi, sai a ba ka ka riƙa tsomawa. A Napoli cokali ɗaya ko biyu na tumatir ake shafawa a bayan kalzone kafin ta shiga wuta, da ɗan man zaitun da cuku, wannan kuma yana kare saman daga ƙuna. Mai irin wannan shafin da wuƙa da cokali ake cin ta.

Tambaya: Muna so mu saya mu tafi da ita gaɓar teku mu ci a kan yashi. Wancan karon da muka buɗe kwalin ta yi laɓo-laɓo. Kuma har tsawon wane lokaci za ta iya zama a rana? — Wasu 'yan'uwa mata

Amsa: Kwalin ne ya jiƙa ta. Tururin da ke fita daga jikinta yana taruwa a murfi ya koma ruwa ya sauko. Ku ɗaga murfin kaɗan, ko ku buɗe ƙananan ramukan da ke gefen kwalin, kada ku ɗaure shi a leda, kada ku naɗe ta da foyil tana da zafi. Ku ce kada a yanka ta a shago, miya kuma a zuba a roba daban. Ko da an kiyaye duk wannan, minti 15 zuwa 20 ne iyakar ƙarfin ɓawonta.

Batun rana ya fi muhimmanci. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da 60. Ƙa'idar da hukumomin lafiyar abinci ke bayarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1. Cikin kalzone, da danshinsa da rikota da nama, wuri ne da ƙwayoyin ke so, kuma kasancewarta a rufe yana sa ta daɗe da ɗumi-ɗumi. Cikin motar da aka ajiye a rana ya fi bakin tekun haɗari. Kada ku dogara da sake ɗumamawa, domin akwai ƙwayoyin da dafin da suke bari a abinci ba ya mutuwa da zafi. Wanda ke son ajiye rabi don dare, ya sa shi a kula mai ƙanƙara tun da wuri, ko ya raba da wani a cinye.

Ku kuma lura da tsuntsayen teku. A garuruwan da baƙi suka saba jefa musu abinci sun koyi fizge shi daga hannun mutum, kuma daga baya suke zuwa. Ku zauna ƙarƙashin laima ko ku jingina da bango, kwali a rufe. Wasu garuruwan suna cin tarar mai ciyar da su.

Tambaya: Shagunan fiza sun fi goma a titin da ke fuskantar teku. Ta yaya baƙo zai gane na kirki? — Wani matafiyi

Amsa: Ka duba hannun mai aikin kafin ka duba takarda, Malam. A shagon kirki za ka ga curin kwaɓi jere a akwatuna masu murfi, ana ɗauko ɗaya a buɗe shi da hannu bayan an karɓi oda. Idan aka ce ka jira minti 15, alama ce mai kyau. Idan aka miƙo maka cikin minti 3, ɗumame ne.

Garin bakin teku yana da nasa hali. Cinikin shekara yana taruwa ne a watanni uku ko huɗu. A Italiya ƙololuwarsa watan Agusta ne, musamman ranar hutun Ferragosto, 15 ga wata. A Amurka daga ƙarshen Mayu ne zuwa farkon Satumba. A wannan lokacin ake ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, kuma mafi yawan masu saye ba za su sake dawowa ba, don haka shagon da ke bakin ruwa ba ya jin tsoron rasa su. Shagon da ke titi biyu ko uku a baya, wanda ke buɗe har a lokacin sanyi don 'yan gari, yana da dalilin kiyaye sunansa. Ba doka ba ce, amma ta fi yawan faɗuwa daidai.

Zafi ma yana wahalar da kwaɓi. Yis yana saurin aiki a ɗumi, curin da aka shirya don dare sai ya wuce lokacinsa tun la'asar. Irin wannan yakan yage wajen buɗewa, ya yi tsami, ya fito fari fat saboda yis ya cinye sukarin da ke sa shi yin ja. Idan kuma kwaɓi ya ƙare aka yi sabo cikin gaggawa, sai ya fito a cure, yana wahalar tauna. Ka leƙa farantin waɗanda aka riga aka kawo wa: kana son ganin kalzone mai kumburi, ja mai ɗigo-ɗigon duhu, busasshen faranti a ƙarƙashinta. Lokaci mafi kyau shi ne jim kaɗan bayan buɗewa, tanderu ya yi zafi, layi bai taru ba. A Italiya shaguna da yawa sai ƙarfe 7 ko 7:30 na yamma suke fara gasa fiza.

Wajen biya, a Italiya za ka ga coperto, kuɗin zama a tebur, yawanci yuro 1 zuwa 3 kan kowane mutum, yakan fi haka a wuraren 'yan yawon buɗe ido, kuma ana rubuta shi a ƙasan takardar abinci. Wanda ya saya ya tafi ba ya biyan sa. A Amurka haraji ba ya cikin farashin da aka rubuta, kuma wanda aka yi wa hidima a tebur ana sa ran ya ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ga mai kawo abincin.

Tambaya: Tunda bakin teku ne, ba gara in nemi mai jatan lande da sauran kayan teku ba? — Wata mai karatu

Amsa: Ba mu ba ki shawarar yin haka ba. Jatan lande da dangoginsa minti 2 zuwa 3 suke so a wuta, suna kuma sakin ruwa. A cikin rufaffen kwaɓi sai su yi tauri, ruwansu ya jiƙa ƙasa. Kusancin shago da teku kuma ba ya nuna daga nan kayan suka fito. A Italiya alamar tauraro kusa da sunan abinci a takarda tana nufin daskararre ne daga firiza. Kayan tekun da ke dacewa da kalzone su ne waɗanda ba su da ruwa sosai, tuna na gwangwani da ƙananan kifin gishiri. Sauran ki ci su gasassu ko soyayyu a faranti daban.

Tambaya: Ina da hawan jini. Guda ɗaya ta yi mini yawa? — Wani dattijo

Amsa: Ta yi yawa, Baba. Curin kwaɓi mai gram 250 shi kaɗai yana ɗauke da gishiri kimanin gram 4, kafin a lissafa na cuku da na nama, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya kai gram 5 a yini. Idan aka haɗa fulawa, cuku iri biyu, nama da mai, cikakkiyar kalzone tana haura kalori 1,000 cikin sauƙi. Ka raba ta da wani, ka zaɓi mai rikota da ganye, domin rikota ba ta da gishiri sosai, ka bar kifin gishiri da 'ya'yan zaitun, ka haɗa da salak da ruwa.

Tambaya: Mun dawo daga hutu yara suna ta neman ta. Zan iya yi a obin na gida? Na gwada sau ɗaya ta fashe, cukun ya tsiyaye. — Wata uwargida

Amsa: Za ki iya, Hajiya, kalzone ma ta fi fiza dacewa da obin na gida, tunda dama ba ta son wuta mai tsanani. Ga ma'aunin guda 4.

Kwaɓi: fulawar burodi gram 500, ruwa mililita 320, gishiri gram 12, busasshen yis gram 2 (ɗan fiye da rabin ƙaramin cokali), man zaitun babban cokali 1. Ki narka yis a ruwan, ki zuba fulawa, sai gishiri, sai mai, ki murza minti 10 har ya yi santsi. Ki rufe ya huta awa 1, ki sa a firji awa 24. Daɗewar nan ce ke ba shi ɗanɗano da sauƙin buɗewa, ƙara yis ba ya maye gurbinta. Ki fito da shi, ki raba huɗu, kowanne kimanin gram 210, ki cura, ki rufe, ki bar su awa 2 su bar sanyi. Kwaɓi mai sanyi yana ja da baya idan an buɗe shi, kuma yana yagewa.

Kayan ciki, ga kowace ɗaya: rikota gram 70, mozarela gram 60, nama ko ganye gram 40 zuwa 50, masoro kaɗan. Kada jimilla ta wuce gram 180. Ki tace rikota a rariya a cikin firji tun daren jiya. Niƙaƙƙen nama ko kaza, ki soya ya dahu sarai, ki tsane mai. Alayyafo ki turara ki matse shi da hannu har ruwa ya daina fita. Albasa, tattasai da laimar kwaɗi ki soya su su bushe. Komai ya huce kafin ya taɓa kwaɓi, domin kaya masu zafi suna narkar da shi tun kafin ya shiga obin. Idan rikota ta yi wuyar samu, ki ɗora madara mai cikakken mai lita 2 ta kai digiri 85, wato gab da tafasa, ki sauke, ki zuba ruwan lemun tsami mililita 60, ki bari minti 15, ki tace a ƙyalle mai tsabta na awa 1. Za ki samu gram 300 zuwa 400.

Ki kunna obin a ƙarshen zafinsa, yawanci digiri 250, da tiren ƙarfe mai kauri ko dutsen gashi a ciki, ya yi minti 40 yana ɗaukar zafi. Tire mai sanyi shi ke barin ƙasan kalzone fari da danshi.

Ki buɗe curi da yatsu ya kai faɗin santimita 25, kaurinsa milimita 3 zuwa 4, daidai ko'ina. Kada tsakiya ya fi siranta, domin nan ne wurin ninkewa. Ki zuba kaya a rabi, ki bar santimita 2 a baki babu komai. Yanzu ga dalilin fashewar taki, ɗaya ne cikin uku ko duka. Na farko, garin fulawa ko mai ko cuku ya taɓa bakin, kwaɓi kuwa ba ya kama ɗan'uwansa idan akwai wani abu a tsakani. Ki kakkaɓe garin, ki shafa ruwa kaɗan da yatsa. Na biyu, an kulle iska a ciki. Ki danna a hankali daga wajen ninki zuwa baki kafin ki liƙe, sannan ki danne bakin da gefen hannu, ki ɗan naɗo shi sama ki sake dannawa. Na uku, babu mafitar tururi, sai ya nemi wuri mafi rauni ya ɓalle. Ki tsaga saman da wuƙa wuri 2 ko 3, kowace tsaga santimita 2.

Ki shafa man zaitun a baya, ki ɗora a kan takardar gashi, ki zura kan tiren mai zafi. Kada ta zauna tana jira bayan an rufe ta, ƙasanta zai jiƙe. Minti 12 zuwa 15, har ta yi ja sosai sama da ƙasa. Idan saman ya riga ƙasan, ki sauko da tiren mataki ɗaya. Ki fito da ita kan raga ta sha iska minti 5 kafin yanka.

Wadda ta rage tana kwana 3 zuwa 4 a firji. Wajen ɗumamawa ki yanka ta biyu, ki sa a obin mai digiri 180 na minti 10 zuwa 12, ko a busasshen kasko mai murfi, wuta ƙasa-ƙasa, minti 4 zuwa 5 kowane gefe, har tsakiyar ta yi zafi sosai. Maikirowef yana ɗumama cikin amma yana mayar da ɓawon kamar roba, sai dai ki ba ta daƙiƙa 40 a ciki, ki ƙarasa a kasko.